Sanyin Yatsunka

Daga Gaweye, Yamai, zuwa ga ɗana Isufu a Tilaberi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka sauka lafiya, ya sa ƙafarka ta taka ƙasar alheri, ya haɗa ka da mutanen kirki, in akwai su a can. Mu nan lafiya lau muke. Babanka yana kan hanyar Gaya da kamyonsa, babbar motarsa ta kaya, kafin ya tashi ya ce in gaishe ka.

Malam Hamani na bakin fos, gidan waya, shi ne yake rubuta mini wannan takarda, tunda ni ban je lakkwal na yi boko ba. Na riga na gaya masa, in na ji kalma ɗaya daga cikinta tana yawo a kasuwa, na san bakin da ta fito. Ga shi nan yana dariya. In ka iske wani wuri maganar ta yi laushi, hannunsa ne, ba bakina ba.

Ba labarin unguwa zan ba ka ba, ba kuma zancen gadar da ake ta cewa za a gina mana ba. Ka ce mini aikin biro aka ba ka, wato ofis, teburi da kujera, kana rubuta sunayen manoman shinkafa a inuwa. Na ce maka to. Amma da nake jera maka kaya na ga takalman roba dogaye har gwiwa, an naɗe su cikin tsohon wandonka an cusa can ƙasan jaka. Isufu, ni dai ban taɓa shiga biro ba, amma ban ji an ce ruwa yana kwanciya a ciki ba. Ban ce maka komai ba a lokacin. Yanzu zan faɗa, kuma sai ka ji har ƙarshe, don takarda ba a katse ta da "Inna, ki bari mana."

Mutanen unguwa suna cewa ni mai zargi ce, kuma gaskiyarsu. In mahauci ya cika yi mini fara'a, sai na sunsuni naman. Ban taɓa jin kunyar wannan hali ba, da shi na raine ka har ka yi gemu. Inda na riƙa ɓata shi ne wajen da nake ɗora zargin. Wannan nake so ka ji, don in za ka gaji halina, ka gaje shi a gyare.

Ka san ciwon da kuka zo da shi, kai da yayarka, wadda har yau bakina bai iya kiran sunanta ba, Allah ya jiƙanta. Yanzu kowa yana cewa amosanin jini. A wancan lokaci ba mu da sunansa. Tun kana rarrafe yatsunka na hannu da na ƙafa suka fara kumbura, ka yi ta tsala kuka, a duba ko'ina ba a ga inda wani abu ya cije ka ba. Ya tafi, ya dawo, ya tafi, ya dawo. Ni kuwa ba na yarda abu ya zo haka kawai, sai na fara lura da ranakun da yake zuwa. Ban daɗe ba na gano cewa duk ranar da kuka wuni gidan Bibata, kafin washegari ɗayanku ya kwanta.

Kada ka yi mini kamar ka manta Bibata, zan zo kan wannan. Bazabarmiya ce, haifaffiyar nan Yamai, gidanta ne na ƙarshe kafin gangaren gulbi, wankau take yi. In zan tafi kasuwa da ƙwaryar furata, ita nake bar wa ku. Da yamma ta maido mini ku fes, an wanke ku, an shafe ku da mai, ciki a cike. Wannan kirkin ne ya fara damuna. Na ce a raina, me take nema a jikin ƴaƴana da take wanke su haka?

Ranar da ka yi kwanciyar da na zaci ta ƙarshe ce, na fita ko mayafi babu, na tsaya a ƙofar gidanta na kira ta mayya. Unguwa ta taru. Ka san yadda ake yi: wanda ake zargi ya kama kurwar yaro, sai a shimfiɗe yaron a ƙasa a ce ya tsallake shi, don ya sake shi. Aka shimfiɗe ka a tabarma. Bibata ta dube ni, da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Hajara, ni ne ya ci ɗanki? Ni da na goya shi?" Na ce, "Ke dai tsallake." Ta tattare zane ta tsallake ka, hawaye yana zuba har bisa ƙirjinta. Bayan ƴan kwanaki ka tashi, kamar yadda ka saba tashi ko an tsallake ka ko ba a tsallake ba, ni kuma na bi gida-gida ina cewa kun dai gani da idonku. Ba wanda ya ƙara ba ta wanki. Kafin damina ta kwashe ƴaƴanta ta koma Saga, can bayan gari, wajen dangin mijinta.

Ta tafi, ciwon bai bi ta ba, yana nan gidana.

Yayarka ce ta faɗa mini gaskiyar, wata rana tana taya ni kirɓa fura. Ta ce, "Inna, ai a gulbi Bibata take yi mana wanka in rana ta yi sanyi. In ta gama sai mu tsaya bisa dutse iska ta busar da mu, Isufu ya yi ta karkarwa." Na ce ta rufe mini baki. Na ji maganar sarai, har cikin ƙashina na ji ta, amma na riga na ɓata mace a gaban jama'a, ya fi mini sauƙi ta ci gaba da zama mayya.

To, ka ji. In ciwon ya kama ka a can, za ka samu masu zuwa su raɗa maka cewa abokin aikinka wane ne ya yi maka sammu saboda kujera, tunda yanzu Nasara sun tafi, kowa idonsa yana kan kujera. Ban ce babu masu mugun nufi ba, akwai su fal. Amma kafin ka fara lissafa maƙiya, ka tambayi kanka tukuna: jiya wane ruwa ne ya taɓa ni, wace iska ce ta same ni a jiƙe? Sau da yawa a nan za ka kama ɓarawonka, ka bar ɗan mutane ya yi barcinsa.

Labarin yayarka ya fi nauyi, kuma ban taɓa faɗa maka shi yadda yake ba. Ana tsakiyar bazara zazzaɓi ya kama ta, jikinta ba ya taɓuwa don zafi. Ranar ce babanka ya dawo daga tafiya da ƙatuwar ƙanƙara a cikin buhu, wani Banasare da ya ɗauko wa kaya ya ba shi. Ba mu taɓa riƙe ƙanƙara a gidanmu ba. Ni da nake zargin kowa, wannan farin dutse ban zarge shi ba, cewa na yi Allah ne ya kawo mana. Na fasa ta cikin ƙwarya, na jiƙa zane a ruwan na lulluɓe ta tun daga wuya har ƙafa, na zauna ina yi mata fifita. Tana cewa, "Inna, ƙirjina. Inna, ki cire." Na ɗauka raki ne. Na kama yatsunta na ji sun yi sanyi, faratan sun yi toka-toka, na ce alhamdulillahi zazzaɓi ya sauka. Da la'asar numfashi ya fara yi mata wuya. Muka kai ta likita a amalanke. Ba ta dawo gida ba.

Ban ce ni na kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare, kuma an ce mini ciwon ya riga ya shiga ƙirji tun kafin nan. Amma ta ce in cire, ban cire ba. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Saboda haka in zazzaɓi ya kama ka, kada ka yarda kowa ya kusance ka da ruwan sanyi, ko da kuka yake yi don tausayinka. A goge ka da ruwa mai ɗumi, a ba ka ka sha, a kai ka likita. In kuwa ka ji abin a ƙirji, kada ka jira gari ya waye ko shugabanka ya ba ka izini.

Bayan rasuwarta, ana gab da sauke tutar Faransa, wani lokotoro, mai duba marasa lafiya a likita, ya ce a kawo ka ya duba. Baƙar fata ne irinmu, bai daɗe da dawowa daga karatu ba, ko furfura ɗaya babu a kansa. Ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ya soki yatsanka ya ɗebi jini, na ce me zai yi da jinin ɗana, na tsaya a kansa ban matsa ba. Da ya ga haka sai ya ce in leƙa madubinsa na duba jini da kaina. Na leƙa, na ga waɗansu ƴan abubuwa, wasu a mulmule, wasu a lanƙwashe kamar lauje. Ya ce jininka ne. Na ce masa wa ya sani ko dama can a cikin madubin suke zaune.

Bai yi fushi ba. Ya sa aka kawo ruwan randa a kwano, ya tsoma yatsansa, ya tsoma naka na ɗan lokaci kaɗan, ya fitar ya goge su. Ya ce, "Inna, riƙe duka biyun, kada ki saki." Na riƙe. Nasa da sanyi, naka da sanyi. Muna cikin magana na ji nasa ya dawo da ɗuminsa, naka kuwa shiru, yana nan kamar yanzu aka fitar da shi daga kwanon. Ya ce a jikin kowa akwai hanyoyin jini ƙanana kamar zare. In sanyi ya taɓa mutum sukan tsuke, in an jima su buɗe. Naka suna saurin tsukewa, suna nawar buɗewa. In sun tsuke, waɗannan masu kama da lauje sai su sarƙe da juna su tare hanya, kuma duk inda jini bai kai ba, nan ne kake jin kamar ana sarar ƙashinka. Ya ce ba sai sanyi mai yawa ba, abin da jikinka ba ya so shi ne a fito da shi daga zafi zuwa sanyi farat ɗaya. Ya ce har firgita da damuwa suna tsuke hanyoyin nan.

Na ce masa ai dama na sani, daga dangin babanka ne, tun ranar da na ga kakarka na san da wani abu. Ya ce a'a, rabi daga wajen uba, rabi daga wajen uwa, ɗaya kaɗai ba ya haifar da shi. Wannan maganar har yau ban gama yafe masa ita ba. Amma abin da hannuna ya ji, ya ji. Tun daga ranar na daina tambayar bakinka ko kana lafiya, yatsunka nake tambaya.

Yanzu ga ka inda hannuna bai kai ba, to bari in nuna maka waɗanda za ka zarga. Ka zargi bayan kamyo da sassafe, in akwai wuri a gaba ka roƙa, kada ka yi jarumtar banza a bisa kaya. Ka zargi rigarka in ta jiƙe da gumi, don da ita za ka je ka zauna a inuwa kana jin daɗin iska, alhali ita ce take aikinta. Ka zargi iskar nan mai daɗi da take zuwa gaban hadari, wadda kowa yake fitowa ya sha, kai ɗaki za ka shiga. Daɓen siminti ba wurin kwanciyarka ba ne ko garin ya kai ina da zafi, ka shimfiɗa tabarma da bargo. Ruwan alwalar asuba ka ɗumama shi, ba wanda zai ce sallarka ba ta yi ba don ka hura wuta. In manya sun gayyace ka gidansu suka miƙo maka ruwan firigo, akwatin nan mai sanyaya abu, wanda yanzu ya zama abin burga a garin nan, ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya, ka ajiye shi har sanyin ya fita. In sun tambaya ka ce haƙori ne yake damunka.

Ruwan gonar kuwa, tunda na san za ka shige shi, kada ka zama na farkon shiga da safe. Ka jira rana ta ɗaga. Takalmin roba yana hana jiƙewa, ba ya hana sanyi, kuma in ruwa ya zuba ciki ya fi zama ba takalmi muni, sai ka fito ka zubar ka goge ƙafa. In ka gama aiki kada ka tsaya hira a bakin gona da wando a jiƙe. Na sa maka tiriko biyu, rigunan sanyi, da safa a gefen jaka, ba don ado na sa su ba.

Amma kada ka ɗauka ruwa duka maƙiyi ne, don ni na faɗa wannan ramin. Da na fito daga wajen lokotoro sai na ɗaura yaƙi da ruwa. Na hana ka sha sai kurɓi ɗaya, ina cewa zai sanyaya maka ciki. Ana zafin bazara na lulluɓe ka da bargo, na ajiye ka kusa da murhu, gumi yana tsiyaya, ni kuwa ina jin daɗi wai na kori sanyi. Kana cewa ƙishirwa, ina cewa ka yi haƙuri. Rannan ka faɗi a hanyar lakkwal, aka ɗauko ka idanu sun yi rawaya, baya da ƙafafu sun riƙe. Lokotoron nan da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ya ɗaga. Ya ce, "Inna, cewa na yi ki tsare shi daga sanyi, ban ce ki gasa shi ba!" Ya ce jini in ya rasa ruwa yakan yi kauri kamar kunun da ya kwana, sai ya kasa wucewa ko hanyoyin a buɗe suke. 

Don haka ka sha ruwa, ka sha tun kafin ƙishirwa ta kira ka. Gorarka kada ta rabu da kafaɗarka. In rana ta take, ka fita daga cikinta, amma kada ka faɗa gulbi don ka huce, ka zauna gumin ya bushe a hankali. Azumi kuma yana nan tafe. Na tambayi limamin masallacinmu, ban tsaya nan ba na je na tambayi wani a wata unguwa, don in ga ko bakinsu zai zo ɗaya. Ya zo ɗaya: mara lafiya yana da rangwame. Na san ka, kunyar abokai za ta sa ka wuni cikin rana ba ruwa don kada a ce ɗan Yamai rago ne. Waɗanda kake jin kunyar, ba su ne za su zauna a kanka in ka kwanta ba.

Wannan kunyar ma ni na shuka maka ita. Ka tuna yadda nake tare ka a ƙofar gida, a gaban abokanka, in kama yatsunka in matsa faratanka in ga ko jini zai dawo, in leƙa idonka, in ce yau ba inda za ka? Suna dariya, suna kiran ka ƙwai. Ban damu ba, na ce gara su yi dariya da su yi mini ta'aziyya. Ban lura ba ashe koya maka ɓoyo nake yi. Sai ka fara cusa hannu a hammata tun daga bakin layi kafin ka iso gida. Sai ka fara cije leɓe kana cewa ba komai, alhali ina ganin yadda kake taka ƙasa. Da zargina na mai da kai gwanin ƙarya, kuma ga shi yau ita ce ta fi ba ni tsoro a kanka.

Yanzu bari in zo kan Bibata. Ana saura ƴan kwanaki ka tafi, ina kirɓa fura a tsakar gida, na ji sallama da muryar da na sani. Ta tsufa, ta rame, amma ita ce. Na ba ta tabarma, ta ƙi zama. Ta gaishe ni da Zabarmanci ta ce, "Fofo, Hajara. Ɗanki duk koyon aikin da ya yi a Saga, cikin ruwan shinkafa ya yi shi, har gwiwa. Kullum ya fito, gidana yake zuwa, ni na ba shi ruwan zafi, na ba shi zane ya goge. Yanzu an ce za shi Tilaberi. Can ba ni nan."

Ka san abin da ya fara zo mini? Me take so. Wallahi shi ne ya fara zo mini. Na ce mata, "Bayan abin da na yi miki, don me?" Ta ce, "An ce ni na ci shi. In ya mutu a ruwan Saga, wa za a ce?" Sannan ta ce, "Kuma ni na goya shi." Na durƙusa a gabanta cikin tsakar gidana, na roƙe ta gafara, abin da ya kamata in yi tun kana ɗan ƙarami. Ta ce ta bar wa Allah tuntuni. Na dama mata fura, ta karɓa, amma ba ta sha a gabana ba, tafiya ta yi da ita. Ban ga laifinta ba, ni ma da haka zan yi.

Ka ga kenan, duk lokacin da nake bugun ƙirji ina cewa dabarata ce ta tsare ka kake dawowa daga Saga lafiya, ashe tukunyar matar da na kora ce take kan wuta. Abin da ta faɗa shi ne ya hana ni sukuni: can ba ta nan. Don haka ka nemi mutum ɗaya a can, wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ko mai ba ku abinci, ka gaya masa ciwonka da sunansa. Ka lura da shi tukuna, kada ka zaɓi mai yawan dariya. Ka gaya masa abin da zai yi in ya ga ka kwanta: ya rufe ka, ya ɗumama ruwa, ya ba ka ka sha, ya nemi abin hawa zuwa likita. Kada ya bari a kawo wanzami ya yi maka ƙaho, jinin naka bai isa a zubar ba. Mutum ɗaya ya sani ya fi ka ciji bargo kai kaɗai don kada a ji. In kuma idonka ya faɗa kan wata yarinya, kada ka aiko mana da zancen goro sai kun je likita an duba jininta, ka ji abin da aka ce game da rabi da rabi.

Da na ga takalman nan, na yi niyyar in jefa su gulbi. Har na ɗauko su. Babanka ya ce, "In kin jefar, ba takalmi zai shiga." Ya ce ka yi karatunka da ciwo a jiki, ranar da wasu suke wasa kai kana kwance, kuma ka ci jarrabawar da masu lafiya suka faɗi, ba zai ajiye ka a ɗaki kamar tulu ba. Ban ce masa yana da gaskiya ba, ba na faɗa masa haka. Na dai mai da su inda na same su, na naɗe su yadda ka naɗe.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na zo na zauna gaban Malam Hamani.

Ranar da muka raka ka tasha, an yi ruwa, garin ya wayi da sanyi. Ana shirin tashi ka ce mini bari ka je ka ga ko an ɗaure kayanka da kyau. Na bi ka da ido. Ba wajen kaya ka je ba. Ka zaga bayan wata mota ka tsuguna gaban murhun mai shayi, kana juya hannuwanka a kan garwashi, ciki da baya, kana waiwaye. Sannan ka dawo da fara'arka ka miƙo mini hannu biyu da kanka, abin da rabonka da yi tun kana ɗan lakkwal. Tafin da zafi, har warin gawayi nake ji. Na riƙe, na zarce da babban yatsana zuwa wuyan hannunka, can ƙarƙashin hannun riga inda wutar ba ta kai ba. Sanyi ƙalau.

Ka dube ni, na dube ka. Na san in na buɗe baki na ce yau ba inda za ka, za ka sauke jakarka, don ba ka taɓa ƙetare maganata a gaban mutane ba, kuma ba za ka ƙara miƙo mini hannu ba har abada. Sai na ce, "Alhamdulillahi, yau jikinka da ɗumi." Ka yi murmushi kamar wanda ya ci kasuwa. Motar ta tashi, na dawo gida da ƙafa ina kuka a titi, ban damu da wanda ya gan ni ba. Ina jin tsoro, Isufu. Na binne ɗaya, ba ni da wani bayan kai.

Ban ji haushin abin da ka yi ba. A hanya ma na yi tunani, na ga duk shekarun nan ban taɓa samun ka ka je wajen wuta da ƙafarka ba sai ranar. To ga roƙona: ka ci gaba da yaudarata. Kowace safiya kafin ka shiga ruwa, da duk lokacin da ka fito, ka ɗauka ina tsaye a bakin gonar da hannuna a miƙe. Ka nemi wuta ka tsuguna kamar yadda ka yi a tasha. Amma wannan karon kada ka tsaya a tafin hannu, tunda ka ga na san inda ake dubawa. Ka ɗumama har wuyan hannu, har ƙafafu, har ƙirji, har sai in da ina nan ba zan samu inda zan kama ka ba.

Allah ya tsare mini kai daga ruwan safe da iskar yamma, daga abokin da zai ce ka daure, da kuma kunyarka. Allah ya buɗe hanyoyin jininka, ya sa aikin nan ya zama alheri gare ka da manoman da za ka yi wa. Allah ya jiƙan yayarka, ya saka wa Bibata da abin da ni ban iya saka mata ba. Ya kai ka lafiya, ya maido ka lafiya. Amin.

Kada ka wahalar da kanka rubuto mini cewa kana lafiya, ka san ba zan yarda ba. In an gama girbi ka kawo mini hannun.

Mahaifiyarka,
Hajara mai fura.